Yadda ake rage tuwo da sukari don sauke ƙiba, ba tare da an ƙaurace wa kwanon gida ba

Ranar da na fara wannan lissafi a fada nake, wato majalisarmu ta hira, bayan isha'i, ina kallon yaron da ke dafa mana shayi. Ya cika finjali da sukari har ya yi tozo, ya juye a buta. Da aka zo na biyu ya sake cikawa, na uku ma haka, har da ɗan ƙari. Shekara da shekaru ina shan wannan shayi sau biyu a rana, amma ban taɓa sa shi cikin abin da nake kira abinci ba. In an tambaye ni me nake ci, sai in ce, "Wallahi ni ba ni da ci, tuwon dare ne kawai." Alhali wandon da tela ya ɗinka mini a ƙaramar salla, kafin layya ya daina rufuwa.

Dabarar rage sitaci da sukari tsohuwa ce. Tun 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting, wanda sana'arsa shirya jana'iza ce, ya rubuta yadda ya sauke ƙibarsa da barin burodi, sukari, dankali da giya. A 1972 likitan Amurka Robert Atkins ya sake tayar da maganar, ta bazu a duniya. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk wanda ya kawo mana ita a waya sai ya kawo ta da cimar can, abubuwan da ko ranar Lahadi ka zagaye kasuwar Tawa kaf ba za ka gan su ba. Mu kuwa gero ne ya raine mu. Abin da zan shimfiɗa nan hanya ce da na bi da kayan kasuwarmu, haɗe da kurakuran da na yi, don kada ka maimaita su.

Ka fara sanin me ake ragewa. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo, doya, dankali da sukari, duk gida ɗaya suke, gidan da nake kira sitaci a nan. Da sun shiga ciki jiki yana narka su su koma sukari a jini, sai ya saki sinadarin insulin don ya kwashe shi. Wani kaso a ƙone shi a aiki, wani a ajiye a hanta da tsoka, kuma wannan rumbu bai wuce ɗaukar rabin kilo ba. In rumbun ya cika, ana ta turo kaya, mutum kuma yana zaune a biro ko bakin shago, rarar kitse take zama. Kakanninmu sun sha hura ƙwarya guda ba su yi tumbi ba, amma da hauya a kafaɗa suka sha ta.

Kada kuma a ruɗe ka cewa akwai wani sihiri a ciki. A 2018 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon bin mutum 609 na shekara guda, rabi sun rage sitaci, rabi sun rage mai. Na farko sun sauke kimanin kilo 6, na biyu kilo 5 da ɗan kai, bambancin bai taka kara ya karya ba. Dalilin da ya sa na zaɓi rage sitaci shi ne a kwanonmu shi ne ya mamaye wuri, a nan ake da abin ragewa. Ƙwai, kifi da ganye kuma suna riƙe ciki fiye da kunu, sai ka ga cin ya ragu ba tare da ka wuni kana faɗa da yunwa ba.

Mataki na farko: likita, sikeli da ma'aunin tela

Kafin ka taɓa kwanonka, ka tafi likita da safe ba ka karya ba, a auna maka sukarin jini da hawan jini. A takardar awo irin tamu, daga 0.70 zuwa 1.10 na giram a lita shi ne daidai. In ya kai 1.26 ko ya wuce, aka sake awo wata rana ya maimaita, to ciwon sukari ne, maganarka ta koma hannun likita.

Wannan matakin shi ne mutane ke tsallakewa, shi ne kuma mai haɗari. Wanda ke yin allurar insulin ko yake shan ƙwaya irin su glibenclamide, in ya yanke tuwo bai rage magani ba, sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma. Mai shan maganin hawan jini shi ma jininsa na iya sauka fiye da kima in nauyi ya fara raguwa. Su waɗannan za su iya yi, amma sai da likitan da zai riƙa gyara musu magani. Mai ciki, mai shayarwa, yaron da bai gama girma ba, mai ciwon ƙoda, mai sikila, da tsohon da dama cinsa ya ragu, su bar wannan hanya sai in likita ne da kansa ya ɗora su a kai.

Daga nan ka hau sikeli. Ka raba nauyinka da tsayinka sau tsayinka: mai kilo 90 da tsayin mita 1.70 zai raba 90 da 2.89, ya sami 31. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 ƙiba ce sosai. Amma ni na fi yarda da ma'aunin tela. Ka zagaya shi daidai cibiya, kana tsaye, ba tare da ka shanye ciki ba. Namiji in ya wuce santimita 94, mace 80, kitsen ciki ya fara taruwa. In ba ka son riƙe lambobi, ka yanki zare daidai tsayinka, ka lanƙwasa shi gida biyu, ya koma rabin tsayinka. In bai zagaye cikinka ba, akwai aiki.

Mataki na biyu: kwana uku kana rubutu

Kada ka canza komai tukuna. Ka ci yadda ka saba, amma duk abin da ya wuce maƙogwaronka ka rubuta, har da loma biyun da ka yi a kwanon maƙwabci don kada ya ce ka raina shi.

Ga yadda tawa ranar ta fito da na yi mata lissafi. Rabin burodi da safe, kimanin giram 60 na sitaci, tunda fiye da rabin nauyin burodi sitaci ne. Shayin mai teburi da ƙwayar sukari 4, kowace kusan giram 6, ya zama 24, ban ma sa madarar gwangwani mai kauri ba, wadda fiye da rabinta sukari ne. Farantin shinkafa da rana: dafaffiyar shinkafa giram 28 take da shi a kowane 100, farantin mai abinci kuwa yakan kai giram 400, ka ga 110 kenan. Lemun kwalba ɗaya, 35. Hura da la'asar: garin gero kashi 70 cikin 100 sitaci ne, in ka haɗa dawo da nono da sukari sai ka doshi 100. Tuwon dare malmala biyu, wani 100. Shayin fada ya cike gurbi. Jimilla ta haura 450.

Abin da ake kira rage sitaci shi ne ka sauko ƙasa da giram 130 a rana. Akwai mai tsanani da ake kira keto, giram 20 zuwa 50, wanda asalinsa likitoci ne suka fito da shi a 1921 don masu farfaɗiya. Shawarata ka bar shi. Tsakanin 100 da 130 ya ishe ka, yana barin maka wurin ɗan tuwo da wake, kuma shi ne za ka iya riƙewa shekara guda ba a yi rigima da kai a gida ba.

Mataki na uku: makon farko, abin sha kaɗai

Ka duba lissafin can sama, za ka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku shan sa na yi, ban tauna ba. Abin sha ba ya ƙosarwa yadda abin tauna ke yi, shi ya sa a nan ake fara yanka. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, in ya tsaya a 25 ya fi. Kwalbar lemu ɗaya ta riga ta wuce 25 ɗin.

Lemun kwalba da na leda, ka sallame su gaba ɗaya. Zoɓo da ruwan tsamiya a dama maka ba sukari, a sa citta da kanumfari. Shayin safe kuwa a hankali ake yaye shi: ƙwaya 4 ta koma 2 na kwana uku, sannan 1, sannan babu. Harshe yana sabawa cikin mako biyu ko uku, har wata rana a miƙo maka irin na da ka ji ya gundure ka. Kada ka ce za ka musanya da zuma. Fiye da kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, albarkarta ba ta hana ta ƙara ƙiba.

Shayin fada ya fi wuya, don ba shayin ne ke kai mutum can ba, hirar ce. Ni abin da na yi, na ce wa yaron, "Ƙanena, in na farko ya dahu, zuba mini nawa kafin ka sa sukari." Ranar farko sai da aka yi mini dariya, wani ya ce, "Alhaji ya koma shan maɗaci, ko bashi ya yi yawa ne?" Ɗaci kam akwai shi, amma da ganyen na'ana'a yana shiga. Na biyu da na uku in aka miƙo sai in ɗaga hannu. Yanzu mu uku ne masu shan maɗacin.

Sai hura. A nan zan daɗe, don mutumin Adar ka ce masa ya bar hura kamar ka ce ya bar garinsu ne. Ban bar ta ba, juya ta na yi. Da dawo guda nake damawa da ɗan nono, yanzu kwata nake gutsura a dama da kindirmo mai yawa, ba sukari. Nono yana da nasa zaƙin na halitta, kimanin giram 5 a kowane 100, amma yana zuwa da sinadarin gina jiki, yana kuma riƙe ciki. Ludayi huɗu ko biyar sun isa, kuma ranar da ka sha ta ka ɗauke ta a matsayin abincin wannan lokaci, kada ka ɗora mata shinkafa. Madarar leda da ake sayarwa da sanyi kuwa ka karanta jikinta, yawancinsu an zuba musu sukari.

Mataki na huɗu: mako na biyu, karin kumallo

Wannan mai sauƙi ne. Burodi, fanke, masa, kunu da ɗumamen tuwo su ba da wuri. Ƙwai biyu ko uku da albasa da tumatir a wurin mai shayi, ka ce kada ya yanko burodi. Ƙwai ɗaya yana da giram 6 na sinadarin gina jiki, sitacinsa bai kai giram ɗaya ba. Da damina ƙwan zabi yana araha, ka dafa da yawa ka ajiye. Awara ma tana yi. Ƙosai uku ko huɗu ba laifi, tunda wake ne, amma shi kaɗai, ba da kunu ba. In kuma ka tashi ba ka jin yunwa, ba dole sai ka ci ba.

Mataki na biyar: juya kwano

Yanzu muka zo gangar jikin aikin. A al'adarmu tuwo ne abinci, miya rakiya ta yi masa. Abin da za ka yi shi ne miya da ganye su zama abincin, tuwo ya koma ɗan rakiya. Rabin kwano ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama, kifi, ƙwai ko wake, sauran tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunka. Dunƙulen hannu ɗaya da rana, ɗaya da dare. In ka haɗa da abin da ke cikin wake, nono da ganye, kana nan cikin 100 zuwa 130 ba sai ka riƙa yawo da sikeli ba.

Ganye Allah ya hore mana shi, raina shi kawai muke yi muna kiran sa cimar yunwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, albasa da ɗan mai, shi ne abincin da ya fi raka ni a wannan tafiya. Haka kwaɗon rama, na tafasa, na yaɗiya, na kabeji. Kabeji giram 6 ne kacal a cikin 100, tumatir 4, ka ci ka ƙoshi. Miyar kuɓewa, ta kuka, ta yakuwa, ta alayyafo, a zuba maka ita a kwano daban kamar farfesu, ka sha da cokali. Sai dai ka roƙa kada a ɗaure ta da gari. Dambu ma juya shi ake yi: maimakon tsaki da ɗan zogale a warwatse, a yi zogale da ɗan tsaki. Albasa, wadda Galmi ta sa aka san mu da ita har bakin teku, giram 9 take da shi a 100, kada wani ya tsorata ka da ita.

Maganar nama ita ce inda mutane ke cewa, "Wannan ai cimar masu kuɗi ce." Akwai gaskiya a ciki, kilon nama ba tiyar gero ba ne. Amma ka lissafa kuɗin lemu, sukari, madara, burodi da fanke da ka daina saye, za ka ga sun sayi ƙwai. Kuma ba sai tsoka ba. Kayan ciki, kai da ƙafa, busasshen kifi, ɗanyen kifin Tabalak in an kawo, awara, fara a lokacinta, cukun da ake kawowa daga wajen Abalak, duk suna biyan buƙata. Wake yana da sitaci, kimanin giram 20 a cikin 100 in ya dahu, amma yana narkewa a hankali, yana da ƙosarwa. Ka ci shi shi kaɗai da mai da yaji da kabeji. Shinkafa da wake kuwa, ranar da aka yi ta, a dafa maka naka waken gefe.

Akwai tarkuna uku da na faɗa. Na farko gujiya. Sitacinta kaɗan ne, sai na mai da ita abin taunar wuni, ashe giram 100 nata ya haura kalori 550 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ya fi malmalar tuwo. Cikin tafin hannu ɗaya a rana ya isa. Na biyu mai. Cokalin miya ɗaya kalori 120 ne, don kowane giram na mai 9 yake bayarwa, sitaci kuwa 4. An ce ka rage tuwo, ba a ce ka yi iyo a man gyaɗa ba. Na uku kilishi: wasu masu yi suna sa sukari a labu, haɗin da ake tsoma naman a ciki, in ka ji zaƙi a harshe ka san akwai shi. Balangu da gasasshen kifi sun fi aminci.

Kayan marmari kuma ba duka ɗaya ba ne. Kankana da gwaba da lemun tsami kana iya ci daidai misali. Mangwaro giram 15 ne a 100, ka tsaya a ɗaya ƙarami, ba ka zauna da bokiti ba yadda muke yi da bazara. Dabino kimanin kashi biyu cikin uku sukari ne. Garin rogo da acceke, wanda ƴan uwanmu masu zuwa Abijan suka koya mana, kusan sitaci ne zalla, su koma na marmari.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da mai tukunya. Ranar da na fara, sai kawai na ture tuwo gefe ban ce komai ba. Uwargida ta zo ɗaukar kwano ta tsaya tana kallon sa. "Malam, mi na yi maka? In gishiri ne bai ji ba ka hwaɗa mini." Sai da na zaunar da ita na nuna mata takardar awo, sannan hankalinta ya kwanta. Ka yi wannan zaman tun kafin ka fara. Abin da za ka roƙa kaɗan ne: a ƙara ganye a cefane, a ɗebe maka miya da yawa, a yi maka malmala ƙarama. Kada ka ɗora wa gida duka tsarinka. Yara suna girma, suna buƙatar gerunsu da hurarsu, sukari da lemu kawai za ka rage musu.

In kwano ɗaya kuke ci da ƴan uwa ko abokan aiki, dabarar ita ce ƙaramar loma, miya da yawa, tauna a hankali. Ka ci kwaɗo ko ƙwai biyu kafin ka zo, don kada ka zauna da yunwa. Wanda ke ci a hankali yana hira ba a lura da yawan lomarsa. Wanda ya ce ba ya ci shi ake sa wa ido.

Mataki na shida: kwanakin jiri

Tsakanin kwana na biyu da na bakwai bayan ka rage tuwo, kana iya jin ciwon kai, kasala, jiri in ka miƙe, wani lokaci tsokar ƙafa ta ɗaure da dare. Dalili shi ne sitacin da ke ajiye a hanta da tsoka, kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. In ya ƙare ruwan ya fita ta fitsari, ya tafi da gishiri. Insulin in ya sauka ƙoda ma tana ƙara sakin gishiri.

A nan na yi babbar wauta. Karon farko da na gwada cikin Afrilu ne, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, na yanke komai rana ɗaya. Kwana na uku ina kan babur da azahar sai na ga hanya tana rawa, da ƙyar na tsaya ƙarƙashin wata bedi na zauna. Daren nan tuwo malmala uku na ci, maganar ta mutu sai bayan wata bakwai. Ka fara da ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Zufa ba ta da yawa, kuma lokacin ne kayan lambu ke cika kasuwa, kabeji da salati da tumatir suna arha.

Maganin kwanakin nan ruwa ne, lita 2 zuwa 3 a rana, fiye da haka da zafi, da romon nama ko na kifi mai ɗan gishiri. Mai hawan jini kada ya ƙara gishiri da kansa, ya tambayi likita. Bayan gida in ya yi tauri, miyar kuɓewa da ta kuka da zogale su ne gyaransa. In ka ji rawar jiki, zufa mai sanyi da bugun zuciya, musamman in kana shan maganin sukari, ka sha ƙwayar sukari 3 nan take, sannan ka nemi likita. Haka in amai ya ƙi tsayawa, ko jirin ya wuce mako guda, ko ciwo mai tsanani ya kama ka a dama ƙarƙashin haƙarƙari, don rama da sauri tana iya haifar da tsakuwa a matsarmama.

Mataki na bakwai: yadda ake karanta sikeli

Makon farko za ka iya ganin kilo 1 ko 2 sun tafi. Kada ka yi shela, yawancinsa ruwan nan ne. Kilo ɗaya na kitse kimanin kalori 7,700 ne, ba ya narkewa a kwana uku. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiya mai kyau. Ka auna sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sikeli ɗaya, da safe kafin ka ci komai. Cikinka kuma ka auna shi kowane mako biyu, don wani lokaci sikeli yakan tsaya alhali zariyar wando tana ƙara tsawo.

Burin farko kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka. Ga mai kilo 90, kilo 4 da rabi zuwa 9 kenan, kuma wannan kaɗai yana taɓa sukarin jini da hawan jini yadda za a gani a takarda. In sikeli ya tsaya mako uku, ka koma rubutun kwana uku. Kusan kullum za ka tarar malmala ta girma a ɓoye, ko gujiya ta dawo. Ka haɗa da tafiya a ƙafa, minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Bayan asuba ya fi, ko ka bar babur a gida in za ka masallaci ko kasuwa. Ko tafiyar minti goma bayan tuwon dare tana rage hawan sukari a jini.

Sai bakin mutane. A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce, rama kuwa sai an tambayi dalilinta. Da na sauke kilo shida na je gaida Inna, ta kama hannuna tana jujjuyawa. "Ɗana, lahiya kake? Ko matarka ba ta ba ka abinci ne?" Ta sa aka dama mini hura cike da ƙwarya. Na sha ludayi biyar, na ce, "Inna, likita ne ya ce in rage, don gwiwoyina." Da ta ji gwiwa sai ta yarda, tunda ita ma tana fama da nata. Ka nemi gajeriyar amsa irin wannan ka riƙe, kada ka tsaya wa'azin sitaci a gidan mutane. Ranar suna ko ɗaurin aure ka ci abin da aka kawo daidai misali, washegari ka koma kan tsarinka. Sikeli zai hau da kilo guda, ruwa ne, cikin kwana biyu ko uku zai sauka.

Kada ka fara cikin azumi, amma in ya same ka kana kai, ka buɗe baki da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, ka yi magariba, sannan farfesu da kwaɗo da ƙosai kaɗan. Kunu da zoɓo mai sukari da soye-soye a jere su ne ke sa mutum ya fito azumi ya fi yadda ya shiga nauyi. Da sahur ƙwai, kindirmo, ɗan wake da ruwa mai yawa.

Bayan wata uku ka koma likita a sake awon sukari da jini, in da hali har da kitsen jini, tunda wasu nasu yakan hau in sun yawaita man shanu da nama mai kitse. In ka kai inda kake so, ka riƙa maido da sitaci kaɗan-kaɗan, kamar giram 20 a rana na tsawon mako guda, kana duban sikeli. Ka fara da wake da gero da dawa kafin burodi da farar shinkafa. Inda ka ga nauyi ya fara hawa, ka ja baya taki ɗaya ka tsaya nan. Nawa ya tsaya a malmala ɗaya da rabi da dare, hura sau uku a mako, da shayi ba sukari.